Yadda ake amfani da amoxicillin, Ampiclox, ceftriaxone da danginsu, mataki-mataki

Tambayoyin da masu karatu ke ta turowa kan waɗannan magunguna masu kashe ƙwayoyin bakteriya kusan iri ɗaya ne. Ruwa nawa ake zuba wa garin amoxicillin na yara? "Sau uku a rana" ƙarfe nawa da nawa ke nan? Don me ake cewa a sha Ampiclox kafin a ci abinci, Augmentin kuma tare da abinci? Wanda penicillin ba ta karɓe shi ba, za a iya yi masa allurar ceftriaxone? Amsoshin na nan ƙasa bi da bi, daga ranar da aka ga likita har ranar da maganin ya ƙare. Na bar sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali domin mai saye ya gane su.

Abu ɗaya kawai ya kamata a fahimta kafin a shiga matakan. Ƙwayar bakteriya tana da katanga mai tauri da ke riƙe da ita, kamar yadda tayar keke ke riƙe da tib ɗin da aka cika da iska. A yage tayar, tib ya kumburo ya fashe. Penicillin da 'ya'yanta (ampicillin, amoxicillin, cloxacillin, da Ampiclox wanda haɗin ampicillin da cloxacillin ne), da dangin cephalosporin (cefalexin, cefuroxime, cefixime, ceftriaxone), da manyan na asibiti irin su meropenem, duk suna toshe sinadaran da ke ɗinke wannan katanga ne. Vancomycin kuwa kayan ginin take kamawa. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ke kashe cutar ya bar mai ita. Kuma ba ya cin ƙwayar sai a lokacin da take hayayyafa tana sabon gini, don haka dole ya kasance yana cikin jini yana jira. Kusan duk ƙa'idojin da ke tafe daga nan suka samo asali.

1. A tabbatar ciwon na bakteriya ne

Mura, yawancin tari na kwana biyu-uku, ƙyanda da mafi yawan gudawar yara, bairos ne ke kawo su, shi kuwa ba shi da katangar da za a rusa. Zazzaɓin cizon sauro ma ba bakteriya ke kawo shi ba. Ko kwali goma na amoxicillin aka shanye ba zai taɓa su ba.

Wuraren da waɗannan magunguna ke aiki sun haɗa da ciwon huhu, ciwon kunne mai ruwa, hakin wuya na bakteriya, maruru da gyambo, wasu cututtukan mafitsara, tunjere, ciwon sanyi da sanƙarau. Kowanne da nasa. Amoxicillin ta fi dacewa da huhu da kunne da maƙogwaro. Cloxacillin ta fata ce, domin ƙwayar da ke kawo maruru takan fitar da wani sinadari da ke narkar da amoxicillin zalla. Ceftriaxone ta manyan ciwuka ce irin su sanƙarau, saboda tana kaiwa har ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Zaɓin nan aikin likita ne ko ma'aikacin lafiyar da ya duba majinyaci.

Gargaɗi: Ampiclox ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya "wanke mara" bayan saduwa, ba kuma a ɗiga wa jariri sabon haihuwa shi don rigakafi. Waɗannan al'adu sun yaɗu a garuruwanmu, kuma babu abin da suke haifarwa sai ƙwayoyin da suka daina jin magani. Haka nan ɓare kafso a barbaɗa garin a kan miki. Ba don haka aka yi shi ba, kuma hanya ce ta sa jiki ya fara ƙin maganin.

2. Tambayoyin da ake yi kafin ƙwayar farko

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne mai haɗarin rai. Idan ma'aikacin bai tambaya ba, majinyaci ya faɗa da kansa.

Ta farko: an taɓa shan penicillin ko wani daga danginta aka samu matsala? In an samu, wace iri, kuma bayan wane lokaci? Tashin zuciya ko 'yar gudawa ba ƙin magani ba ne, illa ce da aka saba gani. Abin tsoro shi ne borin jini mai ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko harshe ko fatar ido, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ko suma, musamman in sun zo cikin awa ɗaya da shan maganin. Wanda ya taɓa ganin haka ya nisanci amoxicillin, ampicillin, Ampiclox, Augmentin da allurar penicillin gaba ɗaya, domin uwarsu ɗaya. Cefalexin ma ta yi kusa da su a ƙira. Ceftriaxone da cefuroxime sun ɗan yi nisa, mafi yawan masu wannan matsala suna jure su, amma likita ne zai yanke hukunci, kuma a asibitin da ke da kayan ceto za a gwada. Wanda kuwa fatarsa ta taɓa saluɓewa, bakinsa da idonsa suka yi gyambo bayan shan ɗaya daga cikinsu, to ya rubuta sunan maganin ya ajiye a aljihu har abada.

A ɗaya ɓangaren, mutane da yawa suna yawo da "penicillin ba ta karɓe ni" alhali ƙurajen wani bairos ne suka fito musu tun suna yara. A Amurka kusan mutum 1 cikin 10 ke faɗin haka, amma da ake gwadawa sai a ga masu matsalar ta gaskiya ba su kai 1 cikin 100 ba. Saboda haka a bayyana wa likita ainihin abin da ya faru, kada a tsaya ga "ba ya karɓa ta" kawai.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Akwai ciwon ƙoda? Ƙoda ce ke fitar da yawancin waɗannan magunguna, in ta yi rauni sai su taru, har su iya kawo jijjiga, don haka ake rage awo. Ana shan warfarin, methotrexate ko allopurinol? A faɗa. An taɓa yin shawara bayan shan Augmentin ko flucloxacillin ('yar'uwar cloxacillin)? Kada a maimaita. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, penicillin da cephalosporin suna cikin waɗanda aka fi amincewa da su, amma duk da haka a sanar.

In yaro ne, a ɗora shi a sikeli. Da nauyi ake lissafa maganin yara, ba da "ai ya kai shekara biyu" ba.

3. Saye

A saya a kantin magani mai rajista. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, in kuma kwalin na da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar a ga amsa kafin a bar kantin. Na tire da na kasuwa da rana ta gasa, a bar su, domin zafi da laima suna lalata dangin penicillin da sauri. Garin da ke cikin kwalba in ya dunƙule ko ya canza launi, ruwa ya riga ya shige shi.

Batun kuɗi: tun da kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya a 2023, farashin Augmentin ya yi tashin gwauron zabi. Amma Augmentin suna ne na kamfani. Abin da ke ciki amoxicillin ce da clavulanic acid, wanda aikinsa kare amoxicillin daga sinadarin nan da wasu ƙwayoyi ke narkar da ita da shi. Wasu kamfanoni masu rajista suna yin irinsa da sauƙin kuɗi, sai a tambayi mai kantin. Sau da yawa ma amoxicillin zalla, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba, ita ce daidai da ciwon. Tsada ba ita ce ƙarfi ba.

A lissafa adadin duka a saya lokaci ɗaya. Kafso ɗaya sau 3 a rana na kwana 5, kafso 15 ke nan. Sayen "na ɗari biyu" a sha yau da gobe shi ne babban kuskuren da talauci ke jefa mutane ciki. In kuɗin bai kai ba, gara a gaya wa likita ya sauya zuwa wanda aljihu zai iya kammalawa. Allura kuwa kuɗinta ba na kwalbar kaɗai ba ne, akwai ruwan haɗi, sirinji, ladan mai yi da kuɗin mota kullum.

Gargaɗi: Augmentin mai 375 guda biyu ba daidai yake da mai 625 guda ɗaya ba. Mai 375 amoxicillin 250 ce da clavulanic acid 125, mai 625 kuwa 500 da 125. In aka haɗa biyu an ninka clavulanic acid, shi ne kuma mai murɗa ciki.

4. Haɗa na ruwa na yara

Kayan aiki: ruwan da aka tafasa ya huce sarai, kwalbar maganin, sirinjin baki ko murfin awo, da biro.

A wanke hannu. Kafin a buɗe, a bubbuga kwalbar a girgiza har garin ya saki daga gindi. A nemi layin da ke jikin kwalbar ko takardarta. A zuba ruwa zuwa kamar rabin tazarar layin, a rufe, a girgiza sosai. A ajiye minti ɗaya ko biyu kumfa ya kwanta. Sannan a ɗora kwalbar a kan tebur, a sunkuya ido ya yi daidai da layin, a ƙara ruwa har ya kai. A sake girgizawa. In babu layi, takardar ta faɗi adadin mililita na ruwan, a auna da sirinji. Daga ƙarshe a rubuta ranar da aka haɗa a jikin kwalbar.

Kurakuran nan guda uku ne ake ta gani. Wasu kan zuba ruwan zafi, wanda ke lalata maganin. Wasu kan cika kwalbar har wuya don ya daɗe, sai kowane awo ya zama salala. Wasu kuma ba sa haɗawa gaba ɗaya, kullum sai su ɗebi garin da cokali su dama, ta haka kuwa babu mai sanin abin da yaron ya sha.

Bayan haɗawa, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Yawanci kwana 7, wasu kamfanoni su ba amoxicillin zalla har 14, a bi abin da ke rubuce. Mai clavulanic acid dole sai firji, ba wurin ƙanƙara ba, kuma in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya mutu. Gindin randa yana rage zafi, amma ba firji ba ne. Gidan da wuta ba ta zama, shawarata a nemi amoxicillin ta ƙwaya mai narkewa, mai 250, wadda aka yi musamman don irin yanayinmu. Ana jefa ta cikin ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa a cokali, ta narke, a ba yaro duka a take. Babu ajiya, babu firji.

5. Awo

A karanta ƙarfin da ke jikin kwalba kafin a ɗiba. Amoxicillin ta ruwa tana zuwa da miligiram 125 a cikin mililita 5, tana kuma zuwa da 250 a cikin mililita 5. In likita ya rubuta 250, daga kwalbar farko mililita 10 za a ɗiba, daga ta biyu mililita 5. Uwar da ta saba da "cokali ɗaya" in aka sauya mata kwalba ba a yi mata bayani ba, ko ta ba da rabi ko ta ninka. Mai clavulanic acid ma haka, akwai mai 228 akwai mai 457.

Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, kowane gida da girman nasa. Sirinji marar allura ya fi komai. A girgiza kwalbar kowane lokaci, domin maganin yana kwanciya a ƙasa. A ɗaga kan yaro, a matsa a hankali ta gefen kumatu. Kada a toshe masa hanci a ɗura, yana iya sarƙewa ya wuce huhu.

Ga ma'aikatan lafiya na ƙauye, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 kan ciwon huhun yara da ƙwaya mai narkewa ta 250 shi ne: daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, ƙwaya 1, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 3, ƙwaya 2, daga 3 zuwa 5, ƙwaya 3, duka sau biyu a rana. Ana gane saurin numfashi, wanda alamar ciwon huhun ne, da ƙirga minti guda cur yaro na kwance lafiya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Yaron da ya kasa shan nono, yake amayar da komai, yake jijjiga ko ya galabaita, ba na ƙwaya ba ne, na asibiti ne yanzu-yanzu.

6. Agogo da abinci

Nan ne magani mai kyau ke lalacewa a hannun mutane. Amoxicillin ba ta daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya rabinta ya fita ta fitsari. Abin da ke kashe ƙwayar kuwa tsawon lokacin da maganin ya yi a jini ne, ba yawan da aka zuba a tashi ɗaya ba. Kafso uku da safe ba su yi aikin ɗaya-ɗaya sau uku ba.

Sau uku na nufin kowace awa 8. Mafi sauƙin riƙewa: 6 na safe bayan an dawo daga Asuba, 2 na rana wajen Azahar, 10 na dare kafin a kwanta. Wanda ya sha da karin kumallo ƙarfe 9, da abincin rana ƙarfe 2, da tuwon dare ƙarfe 7, ya bar awa 14 babu magani, ƙwayoyin sun samu daren gyara katangarsu. Sau biyu na nufin kowace awa 12. Ampiclox, ampicillin da cloxacillin sau huɗu ne, kowace awa 6, kuma gaskiya mutane kaɗan ne ke iya cika wannan, dalili ke nan da nake ganin Ampiclox bai cancanci farin jinin da yake da shi ba.

Abinci kuwa, ampicillin, cloxacillin, flucloxacillin, Ampiclox da penicillin V (penicillin ta sha) suna son ciki wayam: rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ci, ko awa 2 bayansa. Amoxicillin da cefalexin ba ruwansu. Mai clavulanic acid a sha da lomar farko, ya fi shiga jini kuma ya fi sauƙi ga ciki. Ƙwayar cefuroxime bayan abinci. Kafso a haɗiye da cikakken kofin ruwa, a zaune, musamman cloxacillin mai ƙona maƙoshi.

In an manta, a sha da zarar an tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, to a bar wancan. Ba a ninkawa. In yaro ya yi amai cikin rabin awa da sha, a sake ba shi, in ya wuce haka a jira lokaci na gaba.

Da azumi, mai sau uku ko sau huɗu ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur. Ko a nemi likita ya duba ko akwai mai sau biyu da ya dace, ko a ɗauki sauƙin da aka yi wa marar lafiya a rama daga baya.

7. Idan allura ce

Wannan na ma'aikacin da aka horar ne, kuma a wurin da akwai adrenaline a kusa. Allurar penicillin a ɗaki ko a bayan kanti ganganci ne da rai.

Ceftriaxone tana daɗewa a jini, shi ya sa sau ɗaya a rana kan isa a yawancin ciwuka. Ta tsoka, ana narka giram 1 da mililita 3.5 na lidocaine mai kashi 1 cikin 100, a yi ta can cikin babbar tsoka, kada a wuce giram 1 a wuri guda. Ta jijiya, giram 1 a mililita 10 na ruwan allura, a tura a hankali cikin kamar minti 5. Wadda aka haɗa da lidocaine ba ta shiga jijiya ko kusa, tana iya rikita bugun zuciya. A duba 'yar kwalbar ruwan da ta zo cikin kwalin kafin a fasa, domin wani kwalin na tsoka ne wani na jijiya. Ba a haɗa ceftriaxone da ruwa mai sinadarin kalsiyam irin Ringer, tana dunƙulewa. Jariri sabon haihuwa mai shawara ko bakwaini ba a yi masa ita.

Benzathine penicillin, farar nan mai kauri, a tsoka kaɗai ake yin ta. Ta jijiya tana kisa. Ita ce maganin tunjere, yunit miliyan 2.4 sau ɗaya in sabon kamu ne, ita ce kuma ake yi wa masu ciwon zuciyar da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro duk mako 3 ko 4. A girgiza, a ja bayan sirinji a tabbatar babu jini, a tura ba tare da tsayawa ba don tana toshe allura.

Ampicillin da gentamicin sukan tafi tare, amma ba a sirinji ɗaya ba, ɗaya na lalata ɗaya. Vancomycin a ledar ruwa take tafiya, aƙalla awa 1. In aka sake ta da gudu, fuska da wuya su yi ja, jini ya faɗi. Ana kuma bibiyar ƙoda muddin ana ba da ita.

Bayan kowace allura majinyaci ya zauna minti 30. In borin jini, kumburi ko sarƙewar numfashi suka taso, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu, a yi adrenaline mai 1 cikin 1000 a tsokar cinya, mililita 0.5 ga babba, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. Hydrocortisone da Piriton ba su ne na farko ba, ba kuma sa maye gurbinta.

8. Kwana ukun farko

Ana sa ran zazzaɓi ya fara sauka, numfashi ya daidaita, cikin awa 48 zuwa 72. In babu canji ko abin ya ƙaru, a koma asibiti, kada a ƙara wani maganin a kai. Ko dai ƙwayar ba ta jin wannan, ko akwai ruwan mugunya da sai an fasa, ko tun farko ba ciwon ba ne. Akwai ma ƙwayar ciwon huhu da ba ta da katanga sam, dangin penicillin ba sa ganin ta.

'Yar gudawa mai sauƙi ba dalilin dainawa ba ce, a ba da ruwan gishiri da sukari a ci gaba. Amma mai yawa kamar ruwa, ko mai jini da murɗa da zazzaɓi, ko da bayan an gama maganin ta zo, a je asibiti, kada a sha maganin tsayar da gudawa. Farin abu a harshen yaro ko ƙaiƙayin gaba ga mata yakan biyo baya, yana da nasa maganin. Ƙuraje kowane iri, ko ido ya yi rawaya, a dakata a nuna wa likita.

9. Kammalawa da ragowa

A cika kwanakin da aka rubuta. Wani ciwon kwana 3 ko 5 ya ishe shi, amma ciwon maƙogwaro da ake ba penicillin V kwana 10 ne, ko da zafin ya tafi a rana ta uku, domin abin da ake gudu shi ne ya taɓa zuciya. Yara masu sikila da aka ɗora kan penicillin V ta kullum har su kai shekara 5, nasu rigakafi ne, ba a tsayar da shi don yaro na cikin ƙoshin lafiya.

Na ruwan da ya rage ba a ajiye wa ƙani. A mayar wa kantin magani in suna karɓa, in ba sa karɓa a cakuɗa shi da ƙasa ko toka a ƙulle a leda a jefa a shara inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Ragowar kafso ma haka, kada a ba maƙwabci, kada a zuba wa kaji a ruwa. A rubuta sunan maganin, ranar da aka fara da duk wata matsala da aka gani a katin asibiti, domin in ciwon ya dawo cikin 'yan watanni likita zai buƙaci sanin wanda aka sha kafin ya zaɓi na gaba.